Gudumar da Gwaggo Ta Bayar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya karɓi ran Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina 'yar firamare, a gidanta da ke unguwar Galtimari a Maiduguri. Da hantsi ta cika, kafin la'asar an kai ta makwancinta.

Masu gaisuwa iri-iri ne suka zo. Tsofaffin ɗalibanta, waɗanda yawancinsu yanzu haƙar rijiyar burtsatse suke yi, sun jera motocinsu masu taɓo a bakin layi, suka zauna kan tabarma. Wani dattijon Inyamuri da ke sayar da kayan ƙarfe a babbar kasuwa, wanda a wajensa take sayen kurfin sarar dutse da buhuna, ya zo da ledojin ruwa a kafaɗa, ya cire hula gaban Baba ya ce, "Alhaji, Mama mai dutse ta tafi? Kai. Ba ta da wasa, amma ba ta da cuta." Matan unguwa kuwa suna shigowa suna gaisuwar Barebari, "wushe, wushe da haƙuri," suna zama, sai kuma ka ji ana raɗa: wai ita ce matar da ke lasar dutse.

Da aka fita da ita, wata tsohuwa daga dangin kakarmu ta ɗaga murya a tsakar gida ta ce, "Jama'a, a yafe wa mamaciya." Mata suka amsa baki ɗaya, "Mun yafe." Mace ɗaya ce ba ta amsa ba. Tana zaune jikin bango cikin baƙin lufaya, idonta a ƙasa. Ta kusa da ita ta taɓa ta.

"Ke ba ki ji ba ne?"

"Na ji," in ji ta.

Matar Malam ce, ɗalibin Gwaggo da ya ɓata. Tun ranar mutane suka rabu biyu, wasu suna zagin matar, wasu suna cewa ai dama mamaciyar zuciyarta ta yi kama da abin da take karanta. Ni da na zauna da su duka biyun ba zan iya bin ko ɗaya ba. Shi ya sa na zauna rubuta abin da na gani, kafin surutu ya binne shi.

A unguwar Gwange aka haifi Gwaggo, a garin da in kana neman dutsen da za ka jefi kare sai ka gaji ba ka samu ba. Yashi ne ko'ina. Ta ce ba ta taɓa ganin dutse a inda Allah ya ajiye shi ba sai da makarantarsu ta kai su yawon buɗe ido tsaunukan kudu, can bayan Bama. Tana sauka daga mota ta dafa wani falalen dutse, ta ji shi da ɗumi kamar bayan dabba. Daga nan ba ta sake son wani karatu ba. Ta yi na gida, ta yi na waje, ta dawo tana koyar da ilimin duwatsu a jami'a. Aure sau ɗaya ta yi, bai daɗe ba, Allah bai ba ta haihuwa ba. Baba ya ba ta ni.

Maganar lasar dutse gaskiya ce. In ta fasa dutse sai ta kai shi baki ta jiƙa fuskarsa da harshe, sannan ta ɗora ɗan madubin ƙara girma da ke rataye a wuyanta tare da carbi. Ta ce jiƙaƙƙen dutse ya fi nuna ƙwayoyinsa. Da azumi kaɗai take ɗaukar buta. Tambayarta kuwa guda ce, ko nama ka kawo, ko labari, ko gulma: "A ina ka ɗauko?" In ka ce ji ka yi an ce, ta gama da kai. Na sha kuka kan wannan tambaya ina yarinya.

Sai da na girma na fahimci abin da take nema. Wata rana wata Bashuwa mai tallan nono ta sauke ƙwarya a ƙofarmu, na tambayi Gwaggo me take gani a baƙaƙen duwatsun da suka cika mana ɗakin ajiya. Ta ce:

"Ɗiyata, ƙarƙashin yashin nan akwai dutse. Ƙarƙashin dutsen akwai wani dutse mai zafi, kaurinsa ya wuce tunaninki, shi ne mafi yawan jikin duniya. Ba wanda ya taɓa zuwa can. Amma yakan narke ya tsattsafo sama ya daskare, sai mu tsinta. Kin ga nonon nan? In an kaɗa an cire mai, wanda ya san nono yana kurɓa zai gane. To duk sanda cikin ƙasa ya narke, akwai sinadaran da ke fita ba su komawa. Ni ina neman dutsen da ya fito tun duniya tana ɗanya, in ga yadda cikinta yake kafin a kaɗa shi da yawa."

Aikin ba na gaggawa ba ne. Za ta fasa dutse ta zubar da bayansa da iska da ruwa suka ci, ta zaɓi tsakiyar, a niƙa ta yi laushi kamar kwalli, a ƙulla a 'yan ledoji a aika ƙasar waje, don injin da ke auna irin wannan babu shi a nan. Sai a yi ta jira wata da watanni. Kowane dutse kuma tana manna masa filasta ta rubuta lambarsa, ta sa shi a jakar ƙyalle mai lamba ɗaya. Lambar ce ke faɗin tsaunin da ya fito da gefen da aka sare shi.

Malam mutumin Konduga ne, magidanci, malamin sakandare, yana zaune a Gwange da matarsa da 'ya'yansa. Shi ne ɗalibin da ta fi so, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba. Dogo ne mai sanyin magana, shi kaɗai ke iya yi mata musu ta yi shiru ta saurara. Yana digirinsa na ƙarshe a hannunta.

A shekarar da tsaro ya fara lalacewa a hanyoyin kudu, sakamako ya dawo. A cikin duwatsun da suka aika, guda ɗaya ya fita daban, wani baƙi mai ratsin kore da suka saro a bakin wani rafi a gindin tsauni. Abin da ke cikinsa ya nuna asalinsa ya girmi duk abin da ta taɓa riƙewa. Ranar na ga Gwaggo tana tafiya a tsakar gida ba takalmi tana magana ita kaɗai. Amma masu awon sun ce, ita ma ta sani, dutse ɗaya ba hujja ba ne. Sai an koma an saro wasu daga wurin.

Ina kan baranda ina tsince shinkafa da yamma sanda suka yi maganar. Gwiwarta ta riga ta kumbura a lokacin, ba ta iya hawa.

"Hajiya, ni zan je," in ji Malam. "Kwana biyu ne. Mutanen ƙauyen sun san ni."

"Ka bari a samu sauƙi."

"Yaushe? Bara ma haka muka ce. Lokacin karatuna yana ƙarewa. In yaran nan masu bindiga suka shiga tsaunin, shi ke nan."

Na ɗauka za ta tsawata masa yadda ta saba. Sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da gudumarta, wadda ba ta taɓa ba kowa aro ba, ta ajiye a gabansa.

"Taka ba ta da nauyi," ta ce. "Kada ka ɗauki wanda ya gangaro. Ka sara daga jikin uwar dutsen. In ka ga abin da bai yi maka ba, ka juyo."

Ba ta ce ya je ba, ba ta ce kada ya je ba. Abin da ya faru ke nan, a kunnena.

Ya kira daga Bama ya ce ya sauka lafiya. Bayan nan aka ɗauke layukan waya a jihar gaba ɗaya. Kwana biyun suka wuce, mako ya wuce. Malam bai dawo ba.

Baba ya zo gidan, ya ƙi zama. Shi ɗan kasuwa ne, duk rayuwarsa bai taɓa ɗaga wa yayarsa murya ba sai ranar.

"Yaya, kin aika ɗan mutane daji saboda tsakuwa?"

"Ban aike shi ba."

"Wa ya ba shi guduma?"

Ta kawar da kai. Shi kuwa ya ci gaba.

"Matarsa tana ƙofar shagona tun safe da goyo. Me zan ce mata? In ce ana son a san yadda cikin ƙasa yake tun kafin Annabi Adamu? Ga shi nan ya tafi ya gano miki."

Ta nuna masa ƙofa. Ya ce in tattara kayana in bi shi. Na ƙi. Daga ranar suka daina magana, shekara da shekaru. Ko a biki ko a rasuwa, in ta shiga ta nan sai ya fita ta can.

Da mutanen tsaunuka suka fara kwararowa Maiduguri a ƙafa, Gwaggo ta shiga bin sansanoni da hoton Malam. Ni nake tuƙa ta in na taso daga asibitin da nake aikin jinya. Tanti-tanti take bi da sandarta. A nan ta tarar da wasu tsofaffi biyu, mata da miji, daga ƙauyen da take sauka in ta je aiki. Ta kwaso su da jikokinsu ta ba su ɗakinta, ita ta koma falo. Sun zauna da mu har mijin ya rasu, ita ta yi masa sutura. Kowace Juma'a kuma sai ta sa a kai hatsi da kayan miya gidan Malam a Gwange. Da farko matar tana karɓa.

Abin da ya raba su ya zo daga baya. Dangin Malam suka samo wani mutum a sansani da ya ce ya ga gawarsa. Suka tara mu a zauren gidan Malam, da liman, da matar tana bayan labule. Mutumin ya ce a hanyarsu ta gudu sun wuce gawar wani dogo a bakin rafi, da jakar buhu kusa da shi. Liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a. Na ji numfashin matar daga bayan labule, irin na wanda aka sauke wa kaya. Sai Gwaggo ta ce:

"Wane rafin?"

Mutumin ya faɗa.

"Wannan ai yana gabas da tsaunin. Shi yamma ya nufa. Ka ga fuskarsa?"

"A kife yake, Hajiya."

"Ka ga guduma?"

"Gudu muke yi."

"To a ina ka ɗauko cewa shi ne?"

Mutumin ya rikice, ya ce watakila ba shi ba ne, Allah ne masani. Liman ya sauke hannunsa. Matar ta yaye labulen ta fito ba mayafi.

"Hajiya, me na yi miki? Kin ɗauke min shi da rai, yanzu gawar ma kin hana ni?"

"Ba zan ce ya mutu ba, ban gani ba," in ji Gwaggo. "In yana raye fa?"

"In yana raye ki kawo shi!"

Na san abin da ya sa ta yi haka. Ba ta iya faɗin abin da ba ta tabbatar ba, kuma ba ta so ya mutu. Amma na ga abin da ya jawo. Daga baya alƙali ya ba matar damar yin takaba ta yi aure in tana so. Ta kasa. Ta ce duk sanda ta ɗauki niyya sai ta ji muryar nan tana cewa in yana raye fa. Haka ta zauna, ba matar aure ba, ba bazawara ba, tana soya ƙosai a bakin titi tana ciyar da yara. Hatsin Juma'a kuwa ta riƙa mayar da shi. Gwaggo ba ta daina aikawa ba, ita ma ba ta daina mayarwa ba. Ɗan aiken da ke kaiwa har ya gaji ya riƙa ajiye wa maƙwabta.

Sakamakon dutsen kuma bai taɓa fita ba. Abokan aikinta na waje sun yi ta roƙonta ta buga abin da ke hannu, ko da a sa sunan Malam a gaba. Ta ce dutse ɗaya ne. Na taɓa ce mata, "Gwaggo, ko don 'ya'yansa su ga sunan ubansu." Ta ce, "In sa sunansa kan abin da ba a tabbatar ba? Abin da ya tafi gyarawa ke nan." Ragowar dutsen, ɗan guntu kamar dunƙulen hannu, yana ɗakin ajiya cikin jakarsa. Ta yi ritaya tana jiran ranar da hanya za ta buɗe. Yanar ido ta fara rufe mata gani.

Sai ambaliya ta zo. Gari ya waye ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, kafin hantsi ya kai mana ƙugu. Muka hau kan teburin cin abinci, ni da ita. Muna nan muka ji ana dukan ƙofa ana kiran "Yaya! Yaya!" Baba ne. Tsoho da hawan jini, ya ratso ruwa har ƙirji daga inda babbar motar da ya samo ta tsaya. Bai gaishe ta ba, ita ma ba ta gaishe shi ba. Ya juya mata baya ya ce, "Hau." Ta hau. A bakin ƙofa ya tsaya ya dubi ɗakin ajiya.

"Akwai abin da za a ɗauko miki a can?"

Ɗakin yana kusa, ruwan bai rufe kantocin sama ba tukuna. Na san jakar da take tunani. Ta ce, "A'a. Ka ce wa direba ya bi ta Gwange."

"Gwange ta nutse, Yaya."

"Shi ya sa."

Mota ba ta iya shiga ba, sai da aka samu masu kwalekwale. A kan rufin wani masallaci aka tarar da matar Malam da 'ya'yanta, gidansu na ƙasa ya riga ya zube. Aka kai mu duka gidan Baba da ke can tudu. Makonni muka yi a ɗaki ɗaya, Gwaggo a wannan bango, matar a wancan. Matar tana zuba mata abinci, tana miƙa mata buta, amma kalma ba ta haɗa su.

Da ruwa ya janye muka koma Galtimari. Kantocin katako sun ruɓe sun zube. Duwatsun aikin rayuwarta suna tsibi guda cikin baƙin taɓo mai wari. Jakunkunan sun narke, filastocin sun ɓare suna yawo a laka kamar ɓawon gyaɗa, tawadar ta wanke. Ba dutsen da ya fashe ko ɗaya. Amma ba wanda za a iya cewa daga ina ya fito.

Na hana ta taɓawa, ta ƙi ji. Ta sa aka kawo mata kujera 'yar tsugune da bokiti. Kullum tana wankewa ɗaya bayan ɗaya, tana kai madubi idon da ya rage mata, tana juyawa. Baƙaƙe masu ratsin kore sun fi a ƙirga. Wata rana na kama ta ta kai ɗaya baki. Na fizge na yi mata tsawa kamar yarinya, na ce ruwan nan ya bi masai da makabarta. Ta ce, "Idon ya ƙi, ɗiyata. Na ce ko harshen zai tuna." Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi da gudawa suka kwantar da ita. An yi magani, ta tashi, amma ƙarfinta bai dawo ba. Ƙodarta ta taɓu. Daga nan sai raguwa.

Ana saura kamar mako biyu ta rasu, ta ce in kira mata matar Malam. Na ɗauka ba za ta zo ba. Ta zo, ta tsaya a bakin gado, ba ta zauna ba. Gwaggo ta daɗe tana haɗa numfashi.

"Malam ya rasu," ta ce. "Ki yi masa sadaka. Ki yi takabarki."

Matar ta ce, "Kin gani ne?"

"Ban gani ba."

"To a ina kika ɗauko?"

Gwaggo ta rufe ido. "Babu. Ni dai na ce ya rasu. Ni na ba shi guduma."

A iya sanina wannan ne karo ɗaya da ta faɗi abin da ba ta tabbatar ba. Matar ta juya ta fita. A ƙarshen makon aka yi sadakar Malam a ɗakin da suka kama haya, aka raba waina, babban ɗansa da ya zama saurayi ya karɓi gaisuwa. Gwaggo ta sa na je a madadinta. Da na dawo ta tambaye ni ko mutane sun taru. Na ce sun taru. Ta ce alhamdu lillahi, ta juya fuskarta bango.

Bayan arba'in ɗin Gwaggo na je jami'a na ce su zo su kwashi duwatsun. Wani tsohon ɗalibinta da ke riƙe da sashen ya zo da kansa, ya tsuguna gaban tsibin ya daɗe. Ya ɗauki 'yan kaɗan don nuna wa 'yan aji ɗaya. Sauran ya ce, "Anti, ki yi haƙuri. Ita da kanta ba za ta karɓi waɗannan ba."

Ambaliyar ta haƙa wani rami a tsakiyar layinmu, har wata yarinya ta faɗa ta karye. Mai unguwa ya zo da kunya yana sosa ƙeya, ya ce damina tana tafe, ga tsadar dutse a garin nan, ko za a taimaka da na Hajiya a cike ramin. Na tura shi wajen Baba. Baba ya zo da safe ya shiga ɗakin ajiya shi kaɗai. Da ya fito idonsa ya yi ja. Ya ce a kawo baro. Matasa suka miƙe za su ɗiba, ya ce su dakata. Ya naɗe hannun riga, ya loda na farko da hannunsa, ya tura shi har bakin ramin yana haki. Kafin ya juye ya waiwayo ya dube ni.

"Wanne ne a ciki? Wanda yaron ya tafi dominsa?"

Na ce ban sani ba, Baba. Ba wanda ya sani.

Ya ce bismillahi, ya juye.

Allah ka jiƙan Gwaggo, ka sassauta mata tambaya, ka yafe mata abin da mu muka iya yafewa da abin da aka kasa. Allah ka jiƙan Malam a duk inda ƙasa ta rufe shi, ka raya abin da ya bari. Amin.